Yatsan Yaya Genzo

Yayana Genzo ya shekara arba'in da tara yana goge ƙarfe a rumfar da Baba ya bari a unguwar Takaida, kuma a duk shekarun nan ban taɓa jin ya ce "laifina ne" ba. In tsatsa ta kama aiki, laifin damina ne. In mai kaya ya dawo da kaya, mai kayan ne bai san abin da yake so ba. Matarsa ta yi shekara talatin tana haɗiye masa, daga baya ta tattara ta koma wajen 'yarsu a garin Kobe, wai ciwon gwiwa ne ya kai ta. Gwiwar ta warke tuni, ba ta dawo ba. Ni ce dai ba ni da wurin gudu, don ciki ɗaya muka fito, kuma ƙofar wurin aikina tana kallon tasa. Lungu ne kawai tsakaninmu, wanda in motar kaya ta shigo sai mai keke ya manne da bango.

Ina jin haushinsa, amma ba zan yi masa ƙarya ba, hannun nan ya iya aiki. Zobban ƙarfe ake kawo masa, irin waɗanda inji ke cusa alminiyam ta cikinsu ya fito gwangwanin batir. Dole cikin zoben ya yi sumul kamar madubi, in ba haka ba alminiyam ya manne ya kakkarce gwangwanin. Yaya zai ɗaura zoben a injin juyi, ya lakato kwaɓaɓɓen garin lu'ulu'u a bakin tsinken gora, ya duƙa a kai kamar ba zai sake ɗagowa ba. Ba ya awo, ba ya son jin sunan awo. In ya ga aiki ya kusa, sai ya tsayar da injin, ya rufe ido, ya zagaya cikin zoben da babban yatsansa na dama. Abin da yatsan ya ce, shi ke nan. Kulawar da ya ba yatsan nan, da rabinta ya ba iyalinsa da matarsa tana nan. Ba ya wanke kwano, ba ya ɓare lemo, ko kofin shayi mai zafi da hagu yake ɗauka.

In ya gama kuma akwai abin da ba ya tsallakewa. Zai ɗiga man tsubaki, wani man 'ya'yan itace, a ƙyalle, ya shafe zoben ciki da waje, ya nannaɗe shi a takarda, sannan ya ɗan sunkuya masa. Haka Baba ya koya masa: ƙarfen da ka goge ba ya barin hannunka tsirara. Kuma akwai dalili, don gumin yatsa yana cin gogaggen ƙarfe, man ne yake hana shi.

Ni Baba bai koya min komai ba. Mace ba ta zama a bencin guga, in ji shi, kuma Yaya yana tsaye yana gyaɗa kai. Na yi shekara shida ina share musu ƙasa ina dafa musu shayi, ran nan na ajiye tsintsiya na tsallaka lungu na nemi aiki a kamfanin shafe da aka buɗe. A wankin ƙarfe na fara. Yanzu shekarata talatin da ɗaya a wurin, kuma ni ce mai kula da tukunyar shafen, ba a kunna ta sai na ce a kunna.

Aikinmu baƙin shafe ne. Mu jera zobba a tukunyar, mu zuƙe iskar cikinta ƙaf, mu ba ta wuta, sinadarin gawayi ya riƙa sauka a kan ƙarfen har ya rufe shi da wani baƙi mai ƙyalli, sirantarsa ko kusa ba ta kai silin gashi ba. Taurinsa dangin na lu'ulu'u ne, ga santsi. Farkon zuwansa zallan gawayin muke yi, sai ya zamana ya yi tauri amma ba shi da haƙuri, da an matsa masa ya tsattsage ya ɓare. Daga baya aka koyi surka shi da ƙarfe. A fara shimfiɗa ƙarfen kurom a ƙasa don ya kama, a sa ƙarfen tangistan a cikinsa don ya sassauta. Tun daga nan alminiyam ya daina mannewa, sulɓewa kawai yake yi. Zoben da a da wata ɗaya yake yi ya cinye a dawo da shi guga, sai ya yi wata shida yana aiki.

To, a nan ne muka raba gari da Yaya gaba ɗaya, don shi cinyewar ƙarfe ce abincinsa.

"Ke, mai fenti!" Haka yake kirana ta tsallaken lungu, a gaban kowa. "An gama shafa wa aikin mutane baƙin tukunya?"

"An gama, Yaya. Baƙin tukunyar ne ya sa injinsu bai tsaya ba tun watan jiya."

"Ai na gani. Shi ya sa nake zaune ina hira da ƙuda. Sannunki da ƙoƙari, 'yar albarka."

"In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

"Je ki yi ta rawarki. Ni ba na rawa da farar hula kamar mai sayar da kifi."

Hular aiki da fararen takalma yake nufi, waɗanda ba ma shiga ɗakin tukunya sai da su. Shekara ashirin yana wannan ba'ar, kuma duk ranar da ya yi ta sai ya yi dariya kamar yau ya ƙirƙiro ta.

Masu kawo masa aiki suka yi ta raguwa. Wasu sun koma wajen masu guga da na'ura, wasu shi ya kore su da bakinsa. Har ya rage saura kamfani ɗaya, masu gwangwanin batir da ke garin Yao. Kowa a lungun ya sani, shi ma ya sani, ran da waɗannan suka janye, ran nan za a sauke allon sunan gidanmu, Tsuruta, daga saman rumfar. Su ne kuma masu kawo mana shafe. Tsarinsu shi ne motarsu ta ɗauki zobba daga wajen Yaya, ta kai Yao a rubuta, sannan ta dawo da su ƙofarmu bayan kwana biyu ko uku. Mai kula da wannan duka a wajensu wani ne Ogura, mutum mai yawan sunkuyo, wanda bai taɓa ɗaga murya ba kuma bai taɓa manta kuskuren kowa ba.

A bazarar bara suka canza zobe. Sabon biyu ne a haɗe, na ciki mai tauri, na waje mai riƙe da shi, an matse su har ba ka ganin mahaɗar sai ka ƙura ido. Tun daga zubin farko shafena ya fara ɓarewa, kuma a wuri ɗaya, zagaye da mahaɗar. Zubi na biyu haka, na uku haka. Ni ce na tsaya gaban Ogura na sunkuya har bayana ya ƙage. Na canza sabulun wanki, na ƙara lokacinsa, na kwance tukunya na kankare ta da hannuna. Na yi wa matar da ke wanki faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Shi kuwa Yaya labari ya kai masa, sai ga shi a bakin ƙofa da kofinsa a hagu.

"Na ji fenti yana zuba. Assha! Ko in ba ki aron buroshi?"

Na juya masa baya na koma wajen tukunya. Wata biyu na yi a haka, ina ramewa, yana ƙiba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya na ɗauki zobe ɗaya da aka wanke tas, na ɗora shi a kan murhun gwaji, na ja kujera na zauna ina kallonsa. Bayan minti ashirin sai ga wani siririn layi yana ƙyalli a mahaɗar. Na danna farar takarda a kai, ta fito da zagayen maiƙo. Man Yaya ne. Yana shigewa tsakanin zobban biyu inda wanki ba ya kaiwa, ya kwanta abinsa, sai tukunya ta yi zafi iska ta ƙare, ya tsattsafo ya shiga ƙarƙashin shafena.

Da rana na tsallaka da takardar a hannu. Shekara huɗu rabona da shiga rumfar. Na same shi yana cin taliyar udon a bakin benci, rediyo na ta surutu.

"Yaya, ka daina shafa wa zobban Yao mai."

Bai ɗago ba. "In daina me?"

Na ajiye masa takardar kusa da kwano, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana tauna, ya ɗauki takardar ya goge bakinsa da ita.

"Wato fentinki ya kasa, shi ne kika zo ki rataya wa man Baba."

"Baba bai taɓa ganin irin zoben nan ba."

"Rufe min baki da zancen Baba, ke da kika yar masa da tsintsiya. To in na daina, tsatsa fa? Uban wa zai hana ta? Ke?"

"Ka sa safar hannu. Ba gumi, ba tsatsa, ba sai an shafa komai ba."

Sai da ya ajiye tsinkayen cin abincinsa sannan ya yi dariya. "Safar hannu! Kanki ɗaya kuwa, Sumie? Kin taɓa ganin likita yana jin bugun jini ta saman bargo?"

"Ban gaya wa Ogura-san ba tukuna. Don kai na yi shiru."

"Wa ya roƙe ki? Je ki gaya masa. Kuma ki fitar min da fararen takalman nan, kar ƙasar talakawa ta ɓata su."

Na fito. Da wani ne ba shi ba, da kafin yamma na kai ƙara. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ci gaba da yin shiru, na riƙa gasa zobban a asirce kafin wanki ko man zai fita, wani ya yi kyau, wani ya ɓare, ina ta shan kallon Ogura.

Aka shiga hutun Obon, lokacin ziyarar kaburburan iyaye, zafi kamar ana hura wuta, iska jiƙe sharkaf. Na je kabarin Baba da furena na tarar Yaya ya riga ni, ya wanke dutsen, ya cika tulunan furen duka biyu har ba inda zan soka ko kara ɗaya. Na ajiye nawa a ƙasa na tafi.

Ranar da aka koma aiki Ogura ya zo da kansa, riƙe da akwatin zobba goma sha biyu da motarsu ta ɗauka jajibirin hutu. Ya ce yana so ya ga zubin nan da idonsa tun daga wanki. Ya buɗe akwatin a kan teburina, na warware takardar farko. Takardar a bushe take, ba mai. A cikin zoben kuwa, a kan madubin nan, ga zanen babban yatsa ja wur, layi-layi, kamar an buga da tawada. Na warware na biyu, haka. Duka goma sha biyun haka. Kwana shida suna kwance a akwati, gumin ya ci ƙarfen.

Har yau ban san ko biyayya ya yi min ko gatse ba. Na fi zaton gatse. Mutumin da ya shekara arba'in da tara a kan ƙarfe ya san abin da kwana shida na watan Agusta za su yi wa busasshen zobe.

Ogura ya daɗe yana kallon zanen. "Tsuruta-san," in ji shi da "san" ɗin girmamawa, don ni ma sunan gidanmu nake amsawa, ban yi aure ba, "yayanki bai taɓa aiko mana kaya ba mai ba. Ko kin san abin da ya sa ya canza?"

Me zan ce? Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni tun yaushe na sani, na faɗa masa wannan ma. Ya sunkuya ya roƙe ni in rubuta bayanin duka a takarda, da hotuna, in buga hatimina a madadin sa hannu.

Ogura ya ba Yaya dama ɗaya, ya goge zubi guda da safar hannu. Ban zaci zai yarda ba, amma ya yarda, kuma wannan ne ya nuna min tsoro ya kama shi. Ina hango shi ta taga, hannu cikin farar safa, ya rufe ido ya zagaya zoben, ya buɗe, ya sake rufewa, ya sake zagayawa. Aikin kwana biyu ya yi kwana biyar a kai. Da aka kai Yao na'urar awo ta ƙi biyar cikin goma sha biyu. Gaskiyarsa ce, ta cikin safa ba ya jin komai. Na ji zafin wannan fiye da yadda na zata, kuma na ji haushin kaina da na ji zafin.

Aka sa ranar zama a ofishinmu, ƙarfe goma na safe. Yaya ya zo cikin kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Baba, ya yi masa yawa yanzu. Ya zauna a bakin kujera, bai taɓa shayin sha'ir da aka ajiye masa ba. Ogura ya miƙa masa takardata da hannu biyu.

Shafi uku ne. Na rubuta zancen mai, na rubuta zancen tsatsa, na rubuta zancen safa, ban rage ba, ban ƙara ba. A ƙarshe kuma na rubuta abin da na kwana uku ina lallashin Ogura a kai. Yaya ya goge da yatsansa yadda ya saba, ban da mai. Yana gama zobe ni zan tsallaka in karɓa in jefa a wanki kafin gumi ya kama, mota ba sai ta kai Yao ba, ni zan auna in rubuta musu. Kamfanin da ba ya canza tsarinsa ko da waƙafi ya yarda da wannan.

"Idan Tsuruta-san ya amince," in ji Ogura, "mu ba mu da matsala. Muna son aikinsa."

Ba abin da ya rage sai ya ce to.

Yaya ya nesanta takardar daga idonsa yana karantawa a hankali, leɓensa na motsi. Ya wuce shafin hotuna bai tsaya ba. Da ya kai ƙarshe sai ya ɗora babban yatsan a kan jan hatimin.

"Har yanzu shi kike bugawa?"

"Shi ne."

"Ogura-san, ka san wannan hatimin?" Bai jira amsa ba. "Ranar da yarinyar nan ta tsallaka lungu, Baba ya ce kar wanda ya ƙara ambatar sunanta a gida. Ma'aikaci kuwa ba ya aiki ba hatimi. Ni na yanko guntun ƙarfe a ɓoye, na kai aka sassaƙa sunan, na goge shi da hannuna, na jefa mata a aljihun riga. Da Baba ya gane sai da ya fasa min baki." Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun shigowarsa. "Ashe don ki buga shi a kan wannan takardar na goge shi."

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu na ɗauka ta sa min shi a aljihu. Shekara talatin da ɗaya ina gode mata, har kabarinta nake zuwa gaisuwa saboda shi. Na nuna masa ƙasan takardar da yatsa.

"Yaya, karanta layin ƙarshe. Rumfar nake so ta tsaya."

"Na karanta. Wato in zauna ina jira ki zo ki karɓa, ki auna, ki ce ya yi ko bai yi ba. Ke ki auna ni."

"Haba Yaya! Taku bakwai ne fa tsakaninmu!"

"Ko taku ɗaya ne." Ya miƙe, ya daidaita takardar a kan tebur, ya sunkuya wa Ogura sosai. "Na gode da shekarun da kuka yi da mu. Ku nemi wani."

Ni bai sunkuya min ba. Ya fita, ina jin ƙarar ƙofar rumfarsa da ya ja.

Ƙarshen Satumba aka sauke allon. Zobban Yao yanzu daga wajen masu na'ura suke zuwa, cikin leda, a bushe, ba zanen kowa a kai. Shafena bai ƙara ɓarewa ba. Yaya yana zaune a ɗakin da ke saman rumfar shi kaɗai, in mun haɗu a lungu sai ya tsaya yana karanta sanarwar kwashe shara har in wuce.

Matan unguwa suna ta ce min in je in ba shi haƙuri, wai babba ne. Haƙurin me? Ni na ce ya ƙi ji? Abin da na rubuta ba ƙarya a ciki ko harafi ɗaya, kuma da za a sake da haka zan rubuta. Mutum ya gwammace ya rufe rumfar ubansa da ya bar ƙanwarsa ta riƙe masa awo, sannan a ce ni ce zan durƙusa. Ba zan je ba.

Hatimin dai na kasa ƙara buga shi. Na je kanti na sayi na roba, irin wanda kowane Tsuruta zai iya shiga ya saya.